Mu takwas ne a gida, eya firaya mai lita nawa za ta ishe mu?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema. Adashina ya kusa fitowa, kuma na ƙudurta eya firaya, na'urar lantarkin nan mai gasa abinci da iska mai zafi ba sai da mai da yawa ba, zan saya kafin azumi ya kama, don man gyaɗa ya fara fin ƙarfina. Mu takwas ne: ni da maigidan, yara huɗu, ƙanwarsa da ke karatu a wurinmu, sai yarinyar da ke taya ni aiki. Na leƙa kasuwa na ga mai lita 3.5, mai 5, mai 6.5, mai 8, har da wata mai ƙofa da aka rubuta wa lita 12. Duk wadda na ɗora wa hannu sai mai shagon ya ce ai ita ce daidai da ni. Don Allah masu amfani da ita ku fitar da ni daga duhu.

Ummu Hanif:
Wa alaikumus salam. Ki ɗauki mafi girman da kuɗinki zai iya saya, magana ta ƙare. Ban taɓa jin wadda ta ce tata ta yi mata yawa ba, amma masu kukan ƙanƙanta sun cika gari.

Anty Balki:
Ummu Hanif, tsaya mana, kin yanke hukunci tun ba a saurari shaidu ba. Maman Ilham, yaya wutarku take? In an ɗauke da me kuke amfani?

Maman Ilham:
Anty, da rana ba laifi muna samu. Gab da magariba ne take yawan tafiya. Muna da janareta, maigidan ya ce 2.5 kVA ne.

Injiniya Sadiya:
To nan ne gizo ke saƙar. Maman Ilham, kafin ki kalli lita, ki juya na'urar ki duba ƙasanta ko bayanta. Akwai 'yar takarda da ake mannawa, a nan ake rubuta yawan wutar da take ja. Ƙanana masu lita 2 zuwa 3 yawanci wat 1000 zuwa 1200 ne. Matsakaita suna tsakanin 1400 da 1700. Manya kuwa daga 1800 suke farawa, wasu su haura 2000.

Janareta mai 2.5 kVA abin da zai iya bayarwa a zahiri kusan wat 2000 ne, shi ma idan yana da cikakkiyar lafiya. A cikin wannan 2000 ɗin firji zai ci nasa, fanka da fitilu da talabijin su ci nasu. Idan kika jona masa na'ura mai wat 2000, ko dai ya mutu nan take, ko ki ji muryarsa ta canza yana nishi. Mai wat 1400 ko 1500 zai ɗauka, amma sai kin kashe firji tukuna. Shi kuwa ɗan ƙaramin janaretan nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, wanda bai kai wat 1000 ba, ko mafi ƙanƙantar eya firaya ba zai ja ba, kada ma a gwada.

Kin ce magariba wutar ke tafiya, kuma don azumi za ki saya. Lokacin da kike buƙatarta kenan shi ne lokacin da kike kan janareta.

Ummu Hanif:
Injiniya, wa ya ce sai an kira salla za a fara suya? Da la'asar ake gama komai a zuba a kula. Ni tawa mai lita 8 ce, ban taɓa jona ta a janareta ba, kuma ban rasa komai ba.

Anty Balki:
Samosar da ta yi awa biyu a kula ai ta zama wani abu daban, Ummu Hanif. Ta yi laushi, ta yi gumi. Kaza dai na yarda.

Ummu Hanif:
Ba a rufe ta a kula, a faranti ake barin ta a buɗe. Anty Balki kin fiye neman magana.

Zee mai samosa:
Ku bari in sa baki, don wannan sana'ata ce, da ita nake ci. Duk kuna ta lita lita, alhali lita ba ta gaya miki yawan abin da za ki gasa. Faɗin gindin kwandon shi ne magana.

Abin nan ba suya yake yi ba, gashi ne da iska mai zafi. Iskar sai ta taɓa jikin abincin ta ko'ina kafin ya yi ja ya yi ƙaras-ƙaras. Kamar shanyar tumatir ce: in kika baza ya bushe, in kika tara shi wuri ɗaya na ƙasan ya jiƙe. Don haka cinyar kaza, kifi, samosa, mit-fai, duk jeri ɗaya ake yi musu, ba a ɗora wani kan wani. To kwando mai zurfi da kunkuntar gindi zai iya zama lita 8 a rubuce, amma rabinsa na sama iska ce kawai, ba abin da za ki sa a wurin. Wani kuma lita 5.5 ne amma shimfiɗaɗɗe, sai ki ga ya ɗauki cinyoyi fiye da wancan.

Sannan wasu kamfanonin tukunyar waje suke aunawa su rubuta, ba kwandon cikin da abinci ke zama ba. Akwai kuma marasa suna da ke cika kasuwa, waɗanda lambar da ke jikin kwalin ado ce kawai. Shi ya sa nake cewa ki ari tef ɗin tela ki jefa a jaka. Ki zaro kwandon a gaban mai shago ki auna gindinsa. Zai yi miki kallon banza, ki ƙyale shi.

Maman Ilham:
Zee Allah ya saka da alheri. To santimita nawa zan nema?

Zee mai samosa:
Ga gida irin naki, ni ba zan ɗauki abin da gindinsa bai kai santimita 23 ko 24 ba. Kuma ki nemi mai kusurwa huɗu, ki bar mai zagaye.

Injiniya Sadiya:
Zee ta yi gaskiya, lissafi ma yana bayanta. Kwando mai kusurwa huɗu, 24 ta kowane gefe, filinsa murabba'in santimita 576 ne. Mai zagaye da faɗinsa 24 kuwa bai wuce 452 ba. A ido faɗinsu ɗaya, amma an zaftare miki fiye da kashi ɗaya cikin biyar.

Ga wata hanyar kuma. Kamfanin Philips suna rubuta nauyin dankalin da kwando zai ɗauka, ba lita kaɗai ba. Mai lita 4.1 tasu kilo 0.8 take ɗauka, wat 1400. Mai lita 6.2 kilo 1.2, wat 2000. Babbar mai lita 7.3 kilo 1.4, tana jan sama da wat 2200. Ba talla nake musu ba, ma'auni nake ba ku. In kika ga wata an rubuta mata lita 8 amma gindinta bai fi na mai lita 4 ba, kin san inda aka dosa. Ku kuma lura, ko babbar tasu dankali kilo ɗaya da ɗan ɗori take ɗauka. Ku raba wannan ga mutum takwas da suka wuni da azumi ku gani.

Hajiya Babba:
Yauwa, yanzu aka zo wurin. 'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta. Ni gidana in an zauna cin abinci mun haura ashirin, ban da almajirai da masu shigowa gaisuwa su tarar da rabonsu. Wannan abin kayan amare ne, mace da mijinta su biyu. 'Yata ta kawo mini wata, tana nan a kwalinta a saman firji. Kafin ta gasa cinya shida na soye kaji uku a kasko na juye. Ƙosai ba ta yi, fanke ba ta yi, waina ba ta yi. To me ya rage a buɗa-bakin Bahaushe? Ranar layya kuma a ina za ki sa ragon?

Maman Ilham, ki ƙara kuɗi ki sayi kukar gas mai obin a ƙasa. Tire biyu za ki jera a lokaci guda, kuma ba ruwanki da an kawo wuta ko an ɗauke.

Anty Balki:
Hajiya ina wuni. Wallahi ba mai ja da ke a kan gidan mutum ashirin. Amma ki ba ni wadda ke saman firjin mana, kada ƙura ta cinye ta.

Hajiya Babba:
Ja'ira. Jikata na ajiye wa.

Injiniya Sadiya:
Hajiya ta faɗi gaskiya a kan ƙosai da fanke. Duk abin da ƙullunsa ruwa-ruwa ne yana buƙatar mai mai zafi da zai kama shi nan take ya ba shi siffa. A eya firaya zuba zai yi ta ramukan kwandon. Dama ita 'yar obin ce mai fanka. Tun da Philips suka nuna ta a baje-kolin kayan lantarki na Berlin a 2010 tsarin bai canza ba: ƙarfe mai ɗaukar zafi a sama, fanka a bayansa tana hura zafin ƙasa da ƙarfi. Abin da ya sa ta fi babban obin sauri shi ne wurin ƙarami ne, nan da nan yake ɗaukar zafi. To idan aka yi ta ƙara mata girma, a hankali tana komawa obin ɗin da aka guda.

Amma Hajiya, tsakanin gidan mutum biyu da gidan mutum ashirin akwai gidaje da yawa, kuma na Maman Ilham yana ciki.

Maman Twins:
Mu bakwai ne, mai lita 6 nake da ita, bari in faɗi yadda take a aikace. Kazar gidan gona guda, mai kilo ɗaya da rabi, tana shiga ɗungurungum ta gasu. In an yanka ta gunduwa-gunduwa kuma sai an yi zubi biyu. Kazar Hausa da zabo sai na tafasa su da kayan ƙamshi tukuna, in ba haka ba su bushe su yi tauri tun cikin bai nuna ba. Dankalin Turawa zubi biyu, kuma dole ki riƙa zaro kwandon kina girgizawa. Awara tana yin kyau sosai in an shafa mata ɗan mai. Doya sai an ɗan dafa ta. Kifi kuwa, karfasa babba ba ta shiga sai an raba ta biyu, tarwaɗa dai a lanƙwasa ta.

Abin da nake so Maman Ilham ta sani shi ne babu mai kwando ɗaya da za ta ciyar da mutum takwas a zubi guda. Ki cire wannan a ranki tun yanzu. Tambayar ita ce zubi biyu za ki yi ko huɗu. Da mai lita 6 zubi biyu ne, da mai lita 3.5 sai na farkon ya huce kina kan na ƙarshe, yara na tsaye a kanki.

Maman Ilham:
To mai ƙofar nan mai lita 12 fa? Ai ita kamar za ta ɗauke duka a lokaci guda.

Zee mai samosa:
Ita nake aiki da ita yanzu don oda. Tana da tire hawa-hawa, don haka samosa da sufurin rol da mit-fai tana ɗaukar su da yawa. Amma zafin daga sama yake zuwa, tiren sama yana riga na ƙasa nuna, sai kin tsaya kina musanya su. Kowane tire ɗin ma ba wani faɗi gare shi ba, lita 12 ɗin yawancinsa tsayi ne. Sannan wankinta aiki ne: maiƙon kaza yana fantsama jikin bango da gilashin ƙofa, ba kamar kwando da za ki zare ki kai wurin wanke-wanke ba. In kina yawan yin kayan fulawa ta dace da ke. In nama da dankali ne abincin gidanki, mai kwando ta fi sauƙin zama da ita.

Maman Zara:
Gaisuwa daga Ingila. Nan mai aljihu biyu ake yayi. Tawa Ninja ce mai lita 7.6, kowane aljihu 3.8. Kaza a ɗaya, dankali a ɗaya, kowanne da zafinsa da lokacinsa, kuma akwai maɓallin da ke sa su gama tare. Ga masu yara ba abin da ya kai ta daɗi.

Injiniya Sadiya:
Maman Zara, ki faɗa musu wat ɗinta.

Maman Zara:
2400 ne. Na san abin da za ki ce.

Injiniya Sadiya:
Ba sai na ce ba. Ku can ba ku san ƙarar janareta ba. Kuma ga wanda ke son gasa kaza guda ko dogon kifi, lita 7.6 da aka raba biyu ba lita 7.6 ba ce, ƙanana biyu ne aka haɗa musu filogi ɗaya.

Ummu Hanif:
Duk da haka ina nan a kan bakana. Ku da kanku kun nuna ƙarama wahala ce. Kuma ba wanda ya yi maganar kuɗin wuta, bari in yi da kaina tun kafin a jefe ni da ita: na san babba ta fi shan mita.

Injiniya Sadiya:
A nan kuma ni zan kare ki, Ummu Hanif, don ba lallai ba ne. Mita ba wat take ƙirgawa ba, wat sau lokaci take ƙirgawa. Mai wat 1400 da ta yi zubi uku, kowanne minti 20, ta yi awa guda kenan, yunit 1.4. Mai wat 2000 da ta gama wannan aikin a minti 25, yunit ɗinta bai kai 0.9 ba. A aikace ma dukansu ba sa kaiwa haka, saboda in zafin ya kai inda aka saita, ƙarfen yana kashe kansa ya sake kamawa. Ga 'yan rukunin A, wato waɗanda kamfanin wuta ya sa a sahun masu samun wuta mafi yawa, da a Afrilun 2024 kuɗin yunit ɗinsu ya haura naira 200, wannan bambancin yana taruwa a wata.

Don haka a gida mai yawa, babba ba ta fi cin kuɗi ba. Matsalarta ita ce abin da take nema a lokaci guda, shin wayar gidanki da janaretanki za su iya ba ta? Abu biyu ne daban, mutane ke haɗa su.

Ummu Hanif:
Alhamdu lillahi, yau Injiniya ta goyi bayana. A rubuta a ajiye.

Baban Sultan:
Salamu alaikum iyayenmu mata, a yi mini afuwa na shigo zancenku. Iyalina biyu ne, gida ɗaya, kowa da ɓangarenta. Uwargida yaranta biyar, amarya ɗa ɗaya. Na yi niyyar in sayo wa uwargida babba, amarya ƙarama, tunda kowa da yawan bakinta. Yaya kuka gani?

Anty Balki:
Malam, in kana son ka yi azuminka cikin kwanciyar hankali, ka sayo iri ɗaya, girma ɗaya, launi ɗaya, rana ɗaya.

Maman Twins:
Har kwalin kada ya bambanta.

Hajiya Babba:
Ɗana, bar dariyar da suke yi, tambaya ɗaya zan yi maka. Girki haɗe yake ko kowa tukunyarta daban? In ranar girkin amarya ita ke ciyar da gidan duka, to bakin da take dafa wa daidai yake da na uwargida, ƙarama ba za ta ishe ta ba. Ba yaran ɗakin mace ake ƙirgawa ba, waɗanda za su sa hannu a abincin ake ƙirgawa.

Baban Sultan:
Haɗe yake, Hajiya. Na gane karatun. Allah ya ƙara girma.

Ummi Maraɗi:
Sannunku da hira. Ni tawa matsalar daban ce. Daga Kano aka kawo mini tawa, filoginta mai ƙafa uku ne, mu kuwa nan soket ɗinmu mai rami biyu ne zagayayyu. Na sa mata adafta, sai na ga adaftar tana zafi har tana wari. Girman na'urar ne ya jawo, ko mi?

Injiniya Sadiya:
'Yar uwa ki daina amfani da wannan adaftar yau ɗin nan, gobara take nema. Na'ura mai wat 2000 tana jan kusan amfiya 9, wato ma'aunin yawan wutar da ke bi ta cikin waya, ƙananan adaftocin nan kuwa don cajin waya da rediyo aka yi su. Ki kira mai gyaran wuta ya canza mata filogi zuwa irin naku mai kauri, ko ya kafa mata soket nata a bango da waya mai kyau. Wannan gargaɗin har da mu nan: kada a jona eya firaya a ekistenshan, balle a haɗa ta da butar lantarki ko dutsen guga a wuri ɗaya. Kai tsaye a bango. Gwargwadon girman na'ura, gwargwadon yadda wannan maganar take ƙara nauyi.

Anty Hauwa:
Ƙanina yana Amurka, ya ce zai auno mini wata wai kwat 6. Nawa kenan a lita?

Injiniya Sadiya:
Kwat ɗaya ya ɗan gaza lita, kusan 0.95 ne, don haka kwat 6 wajen lita 5.7 kenan. Amma Anty ki ce ya bari. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Kina jona ta za ta ƙone. Sai kin nemi taransifoma mai rage wuta wadda ta fi ƙarfin wat ɗin na'urar, ga nauyi ga tsada, kuɗinta zai iya saya miki wata eya firayar a nan. Ya turo kuɗin kawai. Kayan Ingila da na Dubai su ne wutarsu da filoginsu suka yi daidai da namu. Kowace za a saya, sabuwa ko ta gwanjo, a duba an rubuta 220 zuwa 240.

Fati 'yar makaranta:
Ni fa duk kun tsorata ni. Ni kaɗai ce a ɗaki, wani lokaci da ƙawata. Mai lita 2.5 na yi niyya.

Maman Twins:
Ke kam ta ishe ki, ƙanwata. Cinya biyu, dankalin mutum ɗaya ko biyu, ɗumamen mit-fai. Sai dai in kina da niyyar tafiya da ita ɗakin miji, ki ƙara kaɗan ki ɗauki mai lita 4.

Fati 'yar makaranta:
Kai Anty, ko saurayin ma babu.

Anty Balki:
Wannan ma abin dubawa ne ga masu haɗa kayan kicin na amare. Ana saya wa yarinya ƙarama don su biyu ne, ba a tuna 'yan ganin ɗaki da ƙannen miji da abokan ango da ke zuwa shan ruwa. Shekara biyu uku kuma ga yara. Ni mai lita 4 zuwa 5 nake ba iyayen amare shawara.

Maman Sadik:
Mu sola muke da ita, inbata 3.5 kVA, batir biyu. Zan iya?

Injiniya Sadiya:
Inbatar za ta ɗauki matsakaiciya, batiran ne abin tausayi. Batir mai bolt 12 da 200Ah yana riƙe da kusan yunit 2.4, kuma in irin mai ruwa ne ko makamancinsa, rabin wannan kawai ya kamata a riƙa ja in ana so ya yi ƙarko. Na'ura mai wat 1500 a kan batir biyu tana zuƙar sama da amfiya 60. Jan wuta mai nauyi irin wannan shi ke tsufar da batir da wuri. Ki yi gashinki da hantsi zuwa azahar, lokacin da rana ke kan faifan sola tana biyan abin da ake ja. Bayan la'asar ki bar batiran su tara na fanka da fitila. Kuma kada ki wuce mai wat 1500.

Wani abu da ban faɗa ba ɗazu, ga masu fama da raunin wuta. In wutar ta sauko daga 230 zuwa 180, zafin da ƙarfen ke bayarwa yana komawa kusan kashi 60 cikin ɗari. Sai ki ga kaza ta daɗe ba ta yi ja ba, ki ce na'urar ce ba ta da kyau. Babba ta fi jin wannan, don wurin da za ta zafafa ya fi yawa.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, kun buɗe mini ido. Yadda na fahimta, mai kwando mai kusurwa huɗu zan nema, wajen lita 5.5 zuwa 6.5, wat ɗinta kada ya wuce 1700, in yi zubi biyu. Injiniya, janaretan zai ja 1700?

Injiniya Sadiya:
Zai ja in kin kashe firji da famfon ruwa, aka bar fitilu da fanka ɗaya ko biyu, amma yana gab da iyakarsa. In kin samu mai faɗin gindi da wat 1500 ta fi miki kwanciyar hankali. Akwai su, sai an duba.

Ummu Hanif:
Shekara mai zuwa za ki dawo nan kina neman mai sayen ta hannu don ki ƙara girma. Ina nan ina jira.

Hajiya Babba:
Ni kuma ina jiran ranar da za ta dawo tambayar kuɗin kukar gas.

Anty Balki:
Maman Ilham, ki auna kantar kicin ɗinki ma kafin ki fita. Masu lita 6 ɗin nan jiki gare su, kuma ba a manna su da bango, ta baya suke fitar da zafi. Ki bar mata kamar tsawon tafin hannu ta baya da gefe, kada kuma ta zauna ƙarƙashin kabad ko kusa da labule ko robobi. Wadda ba ta da mazauni a kanta, wadda sai an ciro ta daga kwali an mayar kullum, ƙarshenta saman firji irin ta Hajiya.

Zee mai samosa:
In kin je shagon, ban da awo, ki sa a jona ta a gabanki ta yi minti biyu uku. Ki saurari fankar, ki zaro kwandon ki mayar ki ji ko yana shiga daidai ba tare da kokawa ba, ki riƙe mariƙin ki jijjiga, don shi ne ke fara karyewa a masu araha. Ki shafa cikin kwandon ki tabbata baƙin shafen nan bai fara ɓarewa ba. A gida kuma soson ƙarfe kada ya kusance shi, a jiƙa da ruwan ɗumi da sabulu a wanke da soso mai laushi. Ki gaya wa yarinyarki wannan tun ranar farko.

Maman Sadik:
Maman Twins, awarar nan da kika ce, a zafi nawa kike sa ta?

Maman Twins:
Digiri 190 zuwa 200. Ki tsane ruwanta sosai da tsumma mai tsabta, ki yanka, ki shafa mai kaɗan da gishiri, ki jera kada su taɓa juna. Wajen minti 15, ki juya a tsakiya. In mai ƙwai kike so, ki fara gasa ta haka tukuna, sannan ki tsoma a ƙwan ki ƙarasa a kasko, don ɗanyen ƙwai zuba yake yi ta ramukan kwandon.